Idon Yaya a Bakin Tanderu

Wurin da aka ajiye tanderun bai kai a kira shi ɗaki ba. Wani lungu ne a bayan kicin, mai 'yar taga guda can sama kusa da rufi. Tanderun na lantarki ne, babba, mai fanka a ciki, an ɗora shi a kan teburin ƙarfe, ƙofarsa daidai fuskar mutum idan yana tsaye. Tsakanin ƙofar da bangon da ke bayan mai tsayuwar bai wuce taku guda ba. Nan Yaya take wuni.

Yaya babbar 'yar'uwar maigidan ce. Kowa a layin yana ce masa Maigida, ita kaɗai ke kiransa Auta. Tun da mijinta ya rasu take zaune a gidansa, kuma hannunta ne ke fitar da burodi da kek da gasassun kajin da yake lodawa a bayan motarsa yana kai wa shaguna da ofisoshi. Matarsa, wadda ake kira Uwar Biyu, ita ke zubawa a kwalaye.

Amfanin irin wannan tanderu fankarsa ce. Ita ke kaɗa zafi ya zagaye ko'ina, har tiren sama da na ƙasa su fito launi ɗaya, fatar kaza ta yi ja ta yi ƙaras-ƙaras ba tare da naman ya bushe ba. Waɗanda suka ƙera shi sun san irin iskar da suka kulle a ciki, shi ya sa suka sa wani ɗan maɓalli a bakin ƙofar, bai fi kan yatsa ba. Da an buɗe ƙofa sai fanka ta tsaya, da an rufe ta ci gaba.

Wannan ɗan maɓallin ne ya mutu wata safiya, fanka ta ƙi tashi. Auta ya kira mai gyara, wani siririn mutum da ake yi wa laƙabi da Injiniya.

"Maɓallin ƙofa ne," in ji Injiniya, yana goge hannu. "Sai an sayo sabo."

"Ga shaguna na jiran burodi. Babu wata dabara?"

"Akwai. Zan haɗa wayoyin biyu kai tsaye, fanka ta tashi. Amma fa ba za ta ƙara tsayawa ba, ko ƙofa na rufe ko tana buɗe. Na kwana biyu ne kawai, Maigida. Wutar da ke cikin nan ba ta san 'yar'uwar kowa ba."

"Haɗa. Kwana biyu ai kamar yau ne."

Injiniya ya murɗa wayoyin, ya naɗe su da baƙar roba, ya tafi.

Da Yaya ta buɗe ƙofar don ta fitar da burodin farko, sai ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa a fuska. Ta ja da baya, ƙeyarta ta bugi bango. Ƙaurin gashi ya cika lungun. Da ta shafa girarta sai ta ji tana marmashewa a yatsa.

Da rana ta faɗa wa Auta.

"Ki riƙa kau da kai mana, Yaya," ya ce yana dariya. "Ko so kike ku gaisa da fankar?"

"Da ƙeya zan ga tiren? In ban duba ba hannuna zai manne da ƙarfe."

"To ki lumshe ido."

"Kai dai ka sayo abin nan."

"Na ji."

Ta nemo wa kanta mafita. Makunnin wutar tanderun yana jikin bangon kicin, a waje. Sai ta riƙa fita ta kashe shi, ta jira fanka ta yi shiru, sannan ta buɗe. Amma tanderun idan an yanke masa wuta sai ya manta zafin da aka saita masa, ya ɗauki lokaci kafin ya dawo daidai. Aiki ya yi ta jan ƙafa, ran nan kuma kek ɗin da ke tiren ƙasa ya lotsa a tsakiya. Auta ya shigo ya same ta da hannu a kan makunnin.

"Ashe abin da kike yi ke nan! Kashewa da kunnawa, kashewa da kunnawa, sai kin ƙona min injin gaba ɗaya? Kin san abin da na sha kafin na mallaki tanderun nan?"

"Idona ke ciwo, Auta."

"Kar hannun kowa ya ƙara taɓa makunnin nan in ana aiki. Na ce an yi odar maɓallin, yana hanya."

Ya samo faffaɗar roba mai ɗanko ya manne makunnin a kunne.

Burodi da kek suna da sauƙi, domin ba a yawan buɗe musu ƙofa. Ranakun kaji su ne azaba. Kaza tana son a buɗe a shafa mata mai, a juya ta, a sake shafawa. Duk buɗewa, fanka ta kwaso tururin kitse da barkono ta feso mata. Ta gwada ɗaura gyale a fuska, ta bar ido. Ai idon ne ake nema. Ta gwada tsugunawa ta buɗe daga ƙasa, man da ke tiren ya tsiyayo mata a wuyan hannu.

Da farko ja kawai idanun suka yi. Daga baya ta fara tashi da safe ta same su a manne, sai ta jiƙa su da ruwan ɗumi kafin su buɗu. Sai kuma ta riƙa jin kamar an zuba mata yashi a ciki. Hawaye ya zama abokin tafiyarta, ko tana dariya yana zuba.

Wata maƙwabciya ta shigo aron rariya ta gan ta.

"Subhanallahi, Yaya, kuka kike yi? Wa ya rasu?"

Kafin ta buɗe baki, Auta ya amsa daga falo. "Tunanin marigayi ne. Kin san zaman da suka yi."

Maƙwabciyar ta yi ta ba ta haƙuri, ta ce kowa da ranarsa. Yaya ta karɓi ta'aziyyar da ba ta nema ba, ta koma lungu.

Uwar Biyu mace ce mai sanyin murya, wadda ta saba auna fuskar mijinta kafin ta yi magana. Ita ke kawo wa Yaya tsumma mai sanyi ta ɗora a ido. Wata rana yana cin abinci ta yi ƙarfin hali.

"Baban Biyu, idon Yaya fa ya yi tsanani."

"Tsufa ne. Wa ya kai shekarunta da ido garau?"

"Ai kafin a haɗa wayar nan ita ke zura min zare a allura."

"To likita, mun ji. Mahaifiyarmu ta ƙare rayuwarta a gaban hayaƙin itace, ba ta taɓa cewa uffan ba. Wannan na lantarki ne, ko hayaƙi babu. Mutane suna neman inda za su raɓa su ci abinci, mu a nan gidan iska ce ta dame mu."

Yaya tana kicin tana kwaɓa fulawa, ta ji kalmar raɓawa sarai. Ta ci gaba da kwaɓinta.

Abin da ke da wuyar fahimta game da Auta shi ne ba ya ƙin yayarsa. Idan ya sayo 'ya'yan itace, ita yake fara miƙa wa. Idan baƙi suka yaba burodin, yakan ce hannun Yaya albarka ne. Zai iya rantsuwa cewa bai taɓa cutar da ita ba, kuma ba zai ji ya yi ƙarya ba. Bai mare ta ba, bai zage ta ba. Abu guda kawai ya ƙi yi, kuma kowace safiya yana da dalilin ƙin yinsa. Yau mai shagon kayan gyara ya yi tafiya. Gobe an kawo amma ba irinsa ba ne. Jibi Injiniya ba ya ɗaga waya. Cikin waɗannan ranakun ne kuma ya kawo sababbin kwalaye masu zaren zinariya, ya sa aka yi wa motar fenti, aka zana hoton kaza tana murmushi a jikin ƙofarta.

Ita ma Yaya tana da nata dalilin yin shiru, kuma shi ya fi nasa nauyi. Mai ci a gidan wani yakan ga kamar kokensa rashin godiya ne. Ta yi ta ce wa kanta ƙaninta ne, gobe zai gyara.

'Yan biyun Auta mata ne, ƙanana, kamarsu ɗaya har uban kan rikita su. Yaya ce kaɗai ba ta taɓa kuskure ba, tun daga nesa take sanin wace ce wace. Wata yamma ɗaya ta rugo ta rungume ƙafarta, Yaya ta sunkuya ta kira ta da sunan 'yar'uwarta. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya.

"Goggo ba ta gane ni ba! Mama, Goggo ba ta gane ni ba!"

Yaya ta rufe idon dama da tafin hannu ta kalli yarinyar da na hagu. Babu fuska. Wani farin hazo ne kawai mai motsi.

Washegari Uwar Biyu ta ce wa mijinta za su je sayen ƙwai da man shafawa, ta ja hannun Yaya suka hau bas zuwa asibitin ido. Likitar mace ce mai gajeren zance. Ta ɗiga wani ruwa, ta haska fitila, ta daɗe tana dubawa.

"Mama, walda kike yi?"

"Gashi nake yi. Burodi da kaji."

Uwar Biyu ta ba da labarin fankar. Likitar ta ajiye fitilar.

"Na hagun ya yi gyambo, gyambon ya bar tabo a kan baƙin idon. Ba na tsammanin zai dawo. Na daman ya kama hanya, amma ana iya tare shi. Ga magani ki riƙa ɗigawa. Sai dai magani ba zai yi komai ba in kika koma gaban iskar nan. Kin ji ni? Ido ɗaya ya rage miki, babu na uku a ajiye."

A bas Uwar Biyu ta yi ta share hawaye da bakin mayafi. Yaya ta dafa gwiwarta.

"Ke kuma me ya same ki? Bar min kukan, ni da na ƙware."

Sun tarar da Auta a ƙofar gida yana sauke kaji daga mota, wata babbar oda ta wani ofis da za su yi walimar sallamar shugabansu washegari. Ya saurari maganar likita yana gyaɗa kai, fuskarsa da alamar damuwa ta gaske.

"Allah Sarki, Yaya. Me ya sa ba ki ce abin ya kai haka ba? Shi ke nan, kin huta. Daga yau ba ke ba tanderu." Ya juya ga matarsa. "Ke sai ki karɓa. Yaya ta riƙa gaya miki daga nesa."

"Maɓallin fa?" in ji Yaya.

"Ana gama wannan odar, da kaina zan je."

Uwar Biyu ta sunkuyar da kai. "To," ta ce.

Yaya ta tsaya tana jujjuya maganar. Idan ta zauna ta huta, an zura fuskar Uwar Biyu a inda aka ciro tata. Idan tausayi ya hana ta, ta koma da ƙafarta, idon da ya rage ya tafi. Ko ya shirya hakan ko bai shirya ba, ya san halinta: ba za ta iya zama tana jin ƙarar fankar nan a kan fuskar wata ba. A nan ta gane cewa ba wayar Injiniya kaɗai ke riƙe da tanderun ba. Haƙurinta ma an murɗa shi an naɗe da baƙar roba.

Washegari da hantsi ta tashi kamar kullum. Ta jiƙa kajin da kayan ƙamshi, ta jera su a tire, ta zura su tun tanderun yana sanyi, ta rufe, ta saita zafi, ta kunna. Daga nan ta ɗauko kujera 'yar tsuguno ta dasa a bakin lungun, ta zauna, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya.

Ƙamshi ya fara tashi. Uwar Biyu ta zo da kwanon mai da buroshi.

"Yaya, lokacin shafawa ya yi. Matsa min in wuce."

"Koma ki ninke kwalayenki."

"Yaya, don Allah, zai yi faɗa."

"Ya yi. Kira min shi."

Auta ya shigo da waya a kunne yana ce wa wani an kusa. Ya kashe.

"Me ake ciki?"

"Kajinka na neman mai," in ji Yaya. "Ni likita ta hana ni. Ita kuma ni na hana ta."

"Ke kika hana ta? A gidana?"

"A gidanka. Ga kwano, ga buroshi. Kai ne mai tanderu."

"Yaya, ba na son wasa. Mutane na jira."

"Ni na yi maka kama da mai wasa? Ai ka ce iska ce kawai. Kau da kai za ka yi, ka lumshe ido."

"Ke, wuce ki buɗe!" ya daka wa matarsa tsawa.

Uwar Biyu ta yi taku ɗaya. Yaya ta kama gefen zanenta ta riƙe gam.

"Sai dai ki taka ni. Na goya mijinki a bayan nan, in ya ga dama ya sa a taka bayan."

Ƙamshin ya fara juyawa zuwa ƙauri. Wayarsa ta sake ruri. Ya kalli matarsa, ya kalli Yaya, ya ja tsaki, ya fizge kwanon man.

"Matsa. Aikin me ake yi da har za a ɗaga wa mutum kai?"

Yaya ta janye ƙafafunta. Ya tsallaka ya shiga lungun, ya tsaya gaban ƙofar, ya ɗora hannu a marikin. Fanka na kurma ihu a ciki. Bai ja ba. Ya ɗan tsaya, sai ya saki, ya juyo ya fito kicin. Yaya ba ta ganinsa sosai, amma kunnenta lafiya lau. Ta ji ƙarar ɓare roba daga bango. Ta ji ƙas. Ta ji fanka tana sassautawa, tana sassautawa. Shi kuma yana tsaye yana jira, bai matsa ba sai da ta yi tsit.

Kicin ɗin ya yi shiru har ana jin kitse na tsartuwa a cikin tire.

"Ashe ka sani," in ji Yaya.

"Me na sani?"

"Na ɗauka ba ka sani ba ne, Auta. Wallahi duk kwanakin nan ina nema maka uzuri. Ina cewa bai taɓa tsayawa a wurin ba, bai san yadda take ba. Ashe ka sani."

"Ni ban saba ba ne. Ke kin saba."

"Ido yana sabawa da wuta?"

 Yaya ta dafa bango ta miƙe. Ta lalubo almakashin yanka kaji a kan tebur, ta zagaya gefen tanderun, ta bi jikinsa da hannu har ta kama katuwar wayar da ke kawo masa wuta. Tunda shi da kansa ya kashe makunnin, babu abin tsoro. Ta haɗa hannu biyu ta datse.

"Yaya! Kin haukace ne?"

"Ka ɗauki kajinka ka kai gidan burodin bakin titi su ƙarasa maka. In Injiniya ya zo gyaran wannan, sai ya haɗa da wancan."

Ta miƙa wa Uwar Biyu almakashin, ta wuce ɗakinta ta ɗiga magani.

Maɓallin da ya yi watanni yana hanya, kafin la'asar ɗin washegari ya iso. A wani shago da ke bayan tashar mota aka same shi, cikin wata 'yar leda, an rataye irinsa da yawa a ƙusa. Injiniya ya ɗaura shi kafin shayin da aka ba shi ya huce. Ya buɗe ƙofa, fanka ta tsaya. Ya rufe, ta tashi.

Idon dama ya tsira. Na hagu ya yi fari fat, kamar an ɗiga madara a kai.

Yaya ba ta ƙara shiga lungun ba, ba ta kuma bar gidan ba. Dangi sun zo sun yi ta magana. Wani kawunsu ya ce ko me ya faru bai kamata ta kunyata ƙaninta a gaban matarsa ba. Wata ta ce ƙaddara ce, idon da zai tafi ko a kan katifa sai ya tafi. Babu wanda ya tambayi me ya sa aka manne makunni da roba. A irin wannan zama, wanda ya yi ɓarna a hankali ba ya laifi, sai wanda ya yi ƙara da ƙarfi.

Auta ya je ya sayo mata tabarau baƙi mai kyau, cikin akwatinsa.

"Saboda rana, Yaya."

Ta juya shi a hannu, ta mayar masa. Da yamma ta fitar da kujerarta ƙofar gida, kusa da motar mai hoton kaza, ta zauna fuskarta a buɗe. Masu wucewa suka riƙa tsayawa gaisuwa. Maƙwabciyar nan mai aron rariya ta dafe ƙirji.

"Yaya! Me ya sami idon?"

Yaya ta gaya mata, tun daga ranar da aka haɗa wayar, ba ƙari ba ragi. Ta gaya wa mai shagon da ke karɓar burodi. Ta gaya wa direban da ke kawo fulawa.

Auta ya fito ya tsuguna a gefenta, ya rage murya.

"Yaya, don girman Allah ki rufa min asiri. Ai an gyara."

"Tanderun aka gyara."

"To me kike so in yi?"

"Babu. Ni ma ba abin da nake yi. Zaune nake a ƙofar gidan ƙanina ina shan iska. Wanda bai tambaye ni ba, ba na tare shi. Wanda ya tambaya kuwa, ba zan ce masa tunanin marigayi ba ne."

Wani dattijo ya taho daga ƙarshen layi, ya rage tafiya yana kallon fuskarta. Auta ya miƙe da sauri ya shige gida. Yaya ta gyara zama, ta juya wa dattijon ɓangaren hagu.

"Sannu da zuwa, Baba," ta ce. "Ƙaraso."